Mindar Likita da Ladan Masu Ɗauko Masa Majiyyata

Jama'a, in ana zancen jaruntaka a fagen fama, hankalin kowa kan mai bindiga yake komawa. Amma ga abin lura. Tun da aka ƙago Victoria Cross a 1856, wato mindar da ta fi kowace daraja a sojan Ingila, mutum uku kaɗai suka same ta sau biyu, biyu daga cikinsu kuwa likitoci ne. Arthur Martin-Leake ya samu a Afirka ta Kudu a 1902, ya sake a Beljiyam a 1914. Noel Chavasse ya samu a Faransa a 1916, ta biyun kuwa a 1917, bayan raunin da ya ji wajen ceton mutane ya zama ajalinsa.

Yabon gwani ya zama dole. Mai bindiga yana iya laɓewa a rami ya rama, likita kuwa sai ya fito fili ya durƙusa kan mai rauni, harsashi na zuba.

To, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga 1943 zuwa 1945 runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun gwabza da Japanawa a Bama, cikinsu da mutanen Lardin Kano, wanda ƙasarmu ta Gumel ke ciki a lokacin. A kurmin Kaladan, inda mota ba ta kaiwa, 'yan dako ne suke ɗaukar kaya a ka, su ne kuma suke ɗauko wanda aka harba su kai wa likita, galibinsu ko bindiga babu. Minda kuwa ba ta zuwa sai wani hafsa ya ga aikin ya rubuta ya aika sama. Wanda ba a gani ba, ba a rubuta shi ba.

Ku dubi Isaac Fadoyebo, ɗan Nijeriya mai jinyar soja, wanda aka harba a bakin kogin Kaladan a watan Maris 1944. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi da abokinsa wata da watanni, ya ci da su, ya sayar da ransa. Sai a 2011 takardar godiyar Isaac ta isa hannun iyalinsa.

Mu dai a ganinmu, a bar wa likita mindarsa, ya cancanta, amma kada a manta da waɗannan. Aikin nan namu ne, mu masu koyon malanta. In an yi hutu, mu shiga kasuwar Alhamis ta Maigatari, mu bi ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, mu tambayi 'ya'ya da jikokin 'yan Bama, mu rubuta sunayensu da aikin kowa. Ran 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, mu karanta wa yara a aji. Abin da minda ta tsallake, alƙalami ya kama. Allah ya jiƙan mazan jiya, amin.