Sharhi: Ƙaramin Bawul Mai Tsayar Da Babbar Masana'anta

Duk lokacin da aka tashi lissafa abubuwan da ke durƙusar da masana'antu a Nijeriya, abin da akan fara ambata shi ne ƙarancin wutar lantarki, da tsadar kuɗin musaya, da yawan haraji. Babu shakka waɗannan matsaloli ne na gaskiya. Amma akwai wata asara da ba a cika yin maganarta ba, wato ta ranakun da injin na miliyoyin naira yake yi a tsaye saboda lalacewar wani ɗan ƙarfe da mutum zai iya ɗauka da hannu ɗaya. Cikin irin waɗannan ƙarafa, ba a cika samun wanda ya kai bawul ɗin sarbo tsada da wuyar sha'ani ba.

Aikin wannan bawul shi ne ya karɓi umurni daga kwamfutar injin ta hanyar wutar da ba ta fi ta ƙaramin ƙwan tocila ba, sa'an nan ya yi amfani da ita wajen sarrafa man haidirolik wanda matsinsa kan ninka na iskar tayar mota kusan sau 100. A cikinsa akwai wani ɗan harshen ƙarfe tsakanin ƙananan kafofi biyu. Idan wuta ta karkatar da harshen zuwa gefe guda, sai matsin mai ya ƙaru a wannan gefe, ya tura wata 'yar sandar ƙarfe da ke buɗe wa mai hanya ko ta rufe. Ta haka ne ake motsa nauyin tan-tan, a kuma tsayar da shi daidai inda ake so, sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna William Moog na cikin waɗanda suka fara ƙera irinsa, ya kuma kafa kamfani a jihar Niyok a shekarar 1951. Da farko jiragen sama da makamai masu linzami ne suka fi amfani da shi, daga baya ya shiga masana'antu. A yau da shi ake daidaita kaurin ƙarfe a masana'antun mulmula ƙarafa, da kaurin jikin jarka a wasu injinan busa roba, da kuma yawan iskar gas ko tururin da ke shiga manyan injinan tabain na samar da lantarki. Ganin cewa mafi yawan wutar da ake rabawa a Nijeriya daga tashoshi masu amfani da gas take fitowa, al'amarin ya shafi har wanda bai taɓa jin sunan bawul ɗin ba. Kamfanonin da suka shahara da ƙera shi, irin su Moog da Bosch Rexroth da Parker da Yuken, duk a ƙasashen waje suke.

Babban abin da ya kamata ɗan kasuwa ya fahimta shi ne, ba tsufa ne ya fi kashe wannan bawul ba, datti ne. Ratar da ke tsakanin sandar da gidanta ba ta wuce maikiron 5 ba, alhali kaurin gashin mutum ya kai kimanin maikiron 70, ido kuwa ba ya ganin abin da ya gaza maikiron 40. Ke nan man da ma'aikaci zai ɗaga ya ga ya yi garau yana iya kasancewa cike da ƙurar da za ta toshe kafa ko ta cinye bakin sanda. Hatta sabon mai da aka fasa daga duro, sau da yawa bai kai tsabtar da bawul ɗin ke bukata ba sai an tace shi. Bugu da ƙari, zafi na sa mai ya lalace ya bar wani danƙo a jikin ƙarfe, wanda kan sa sandar ta maƙale. A ƙasar da hunturu ke kawo ƙura wata da watanni, bazara kuma ta kawo zafi, wannan ba ƙaramar barazana ba ce.

Duk da haka, a nan ne masu masana'antu da dama ke neman sauƙin kashe kuɗi. Sai a ɗage ranar canza filta, a sayi mai mara tabbas saboda rahusa, a zuba shi da mazurarin da ya kwana a ƙasa. Hausawa na cewa araha ba ta ado. Kuɗin filta da na gwajin mai na shekara guda ba su kai ko kusa da asarar 'yan kwanakin da injin zai yi a tsaye ba, domin a kwanakin nan albashi na tafiya, ruwan bashin banki na hawa, masu sayen kaya kuma suna komawa wajen wani. Har ila yau, kafin watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma, amma a 2024 ta haura naira 1,500. Duk abin da ake odarsa daga waje, kuɗinsa ya bi sahun dala.

Wasu na ganin mafita ita ce a fara ƙera bawul ɗin a cikin gida. Buri ne mai kyau, amma ba nan ne matakin farko ba. Ƙera shi na bukatar injinan wasa ƙarfe masu tsananin daidaito da kasuwa mai faɗi, kuma tarihin kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka soma tun ƙarshen shekarun 1970 ba tare da ya kai ga cikakken aiki ba, ya isa darasi kan fara gini daga sama. Abin da ke kusa da hannu shi ne gyara. Bawul ɗin da ya maƙale sau da yawa wanki da saiti da gwaji kawai yake bukata, muddin akwai ɗaki mai tsabta, da na'urar gwaji, da ƙwararren ma'aikaci. Wannan wata kafa ce ta zuba jari ga 'yan kasuwar Legas da Fatakwal da Kano, domin mai masana'anta zai fi son biyan naira ya karɓi kayansa cikin kwanaki, maimakon ya biya dala ya jira makonni.

Gwamnati ma na da rawar takawa. Asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF, wanda aka kafa a 1971, da kwalejojin kimiyya da fasaha, ya kamata su ba fannin haidirolik muhimmanci. Ita kuma hukumar SON ta matsa kaimi wajen yaƙi da jabun mai da jabun filta.

Sauran aikin kuwa na masu jari ne. Kafin a sayi injin, a tambayi irin bawul ɗin da ke cikinsa, da inda za a gyara shi, domin akwai ayyukan da bawul mai sauƙin kuɗi da jure datti ya wadatar. A riƙa aika samfurin mai ɗakin gwaji a kai a kai, a auna shi da ma'aunin ISO 4406 da masu ƙera injuna ke amfani da shi. A kuma ajiye bawul guda a sito ga duk injin da tsayawarsa za ta tsayar da masana'anta. Ba a raina allura, ita ma ƙarfe ce.