Sharhi: Maza 32 da kashi 40, ina alƙaluman Hausawan Sudan ke ƙarewa?

Kwanakin baya wani ɗalibina ya turo mini saƙon da ke yawo a WhatsApp, wai kimiyya ta tabbatar da cewa kashi 40 cikin 100 na Hausawa jininsu ɗaya da Turawa, saboda haka asalinmu ba na Afirka ba ne. Wasu sun karɓi maganar da alfahari. Ga 'yan uwanmu na Sudan kuwa babu abin murna a cikinta, domin a ƙasar da ake yawan kiran Bahaushe baƙo, duk zancen da ya taɓa asali yana iya rikiɗewa ya koma zancen gona da filin gida.

Adadin ba ƙirƙirarsa aka yi ba, yana da tushe. Bin sawunsa zai nuna mana yadda masu bincike ke samo alƙaluma, da yadda suke raba su, da kuma abin da ke zubewa a hanya kafin su iso wayoyinmu.

Daga ina kashi 40 ya fito?

A shekarar 2008 mujallar American Journal of Physical Anthropology ta buga binciken Hisham Hassan da Farfesa Muntasir Ibrahim na Jami'ar Khartum, tare da wasu masana biyu na Jami'ar Stanford da ke Amurka. Sun gwada ƙwayar gado ta Y, wadda ɗa namiji ke gada daga mahaifinsa kaɗai, a jikin maza 445 daga ƙabilun Sudan daban-daban. Hausawa a cikinsu 32 ne, kuma an sami 13 ɗauke da wata alama da masana ke kira R1b. Idan aka raba 13 da 32, shi ne kashi 40.6 ɗin da ke yawo.

Masu binciken ba su ɓoye komai ba, sun rubuta yawan mutanen da suka gwada a cikin jadawalinsu. Amma da adadin ya bar mujalla ya shiga intanet, sai ya bar abubuwa uku a baya.

Na farko, ƙarancin mutanen. Idan mutum 32 kawai aka gwada, lissafin ƙididdiga da ake koyarwa a shekarar farko ta jami'a zai nuna cewa ainihin adadin na iya faɗawa ko'ina daga kusan kashi 24 zuwa kusan kashi 58. A 2010 ayarin Fulvio Cruciani na birnin Rum ya buga wani binciken da ya haɗa da Hausawa 10 daga arewacin Najeriya, inda aka sami alamar a jikin biyu, wato kashi 20. Babu wanda ya yi ƙarya tsakanin ayarin biyu. Cokali ɗaya kowa ya ɗiba daga babbar tukunya.

Na biyu, R1b reshe-reshe ne. Binciken na 2010 ya nuna cewa reshen da ake samu a yankinmu, wanda aka sa wa suna V88, daban yake da wanda ya yawaita a yammacin Turai. Sun rabu tun dubban shekaru, kuma V88 ya fi yawa ne a kewayen Tafkin Chadi, tsakanin al'ummomin da harsunansu ke da dangantaka da Hausa.

Na uku, ƙwayar Y layi ɗaya tak take bi, daga uba zuwa kaka zuwa kakan kaka. Idan mutum ya koma baya zuriya goma, gurbin kakanninsa 1,024 ne, kuma gwajin yana magana ne a kan ɗaya daga ciki. Ba ya cewa komai game da uwaye, balle ya yanke hukuncin wane ne ɗan ƙasa.

An auna jini, ba a ƙirga mutane ba

Hausawa sun daɗe a kan hanyar hajji da ta ratsa Sudan. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, hannun Hausawa da sauran mutanen yamma na cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Da yawansu sun zauna a matsugunan leburori da ake kira kanabi, a gefen magudanan ruwa.

Duk da wannan tarihi, babu adadin Hausawan Sudan da kowa ya amince da shi. Ƙidayar 1956 ta fitar da lissafin ƙabilu, amma ta ƙarshe da aka yi, wato ta 2008, ba ta tambayi ƙabila ba. Shi ya sa ƙiyasin da ake ambata ke tashi daga dubu ɗaruruwa zuwa miliyoyi, gwargwadon wanda ke magana da abin da yake son ya kafa hujja a kai.

An ga illar wannan giɓi a 2022. A watan Yuli rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su masarautar gargajiya tasu, wasu ƙabilun yankin suka ƙi, suna cewa sarauta ta masu ƙasa ce. A watan Oktoba wutar ta sake tashi a Wad al-Mahi. Ɗaruruwan mutane sun mutu, dubun-dubata suka bar gidajensu. A irin wannan yanayi, adadin da aka tsinko daga mujalla ba tare da bayaninsa ba kan zama makami a hannun wanda ya riga ya yanke hukunci.

Ta fuskar lafiya kuwa, ƙauyukan Jazira sun sha ganin masu bincike. Daga 1979 gwamnatin Sudan da Hukumar Lafiya ta Duniya suka gudanar da shirin lafiya na Shuɗin Nilu na tsawon kimanin shekara goma, don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da gudawa a gandayen Jazira da Manaƙil da Rahad. A 1982 Alan Fenwick da abokan aikinsa sun buga bincike a kan tsargiya a tsakanin leburorin Jazira. An karɓi jini da fitsari da bayan gida daga dubban mutane, kuma aikin ya taimaka wajen magani. Sai dai sakamakon ya fito ne da Turanci, a mujallun da ɗan kanabi ba zai taɓa gani ba.

Abin da yaƙi ya cinye

Tun daga 15 ga Afrilun 2023, lokacin da faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, tambayar ta ƙara nauyi: ina ake ajiye bayanan?

Cutar maisetoma, wadda a Sudan ake kira madura, tana shiga jiki ne ta ƙaramin rauni kamar sukar ƙaya, ta riƙa cin nama da ƙashi sannu a hankali har a kai ga yanke ƙafa. Manoma da makiyaya masu yawo ba takalmi ta fi kamawa, kuma Jazira da Sinnar na cikin yankunan da ta fi yawa. A 1991 Farfesa Ahmad Hassan Fahal ya kafa cibiyar binciken cutar a Jami'ar Khartum, kuma ayyukan cibiyar na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. Bayan sojoji sun ƙwato Khartum a 2025, Farfesa Fahal ya shaida wa manema labarai cewa an lalata cibiyar, kuma ma'ajiyar samfuran da ta ƙunshi bayanan fiye da shekara 40 ta salwanta.

Amma ba komai ne ya tafi ba. Gwajin maganin fosravuconazole da cibiyar ta fara a 2017 tare da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan, a kan marasa lafiya 104, an buga sakamakonsa a 2024 a mujallar The Lancet Infectious Diseases. Abin da aka buga, ko aka ajiye kwafinsa a wani wuri, shi ya tsira.

Haka labarin yake a Wad Madani, babban birnin Jazira, wanda RSF ta kama a Disambar 2023 kafin sojoji su ƙwato shi a Janairun 2025. A can rumbun irin shuka na ƙasa yake, mai ɗauke da samfura fiye da 15,000 na dawa da gero da riɗi da sauransu, waɗanda aka tattaro daga hannun manoma. An wawashe wurin, an kwashe na'urorin sanyaya iri. A Fabrairun 2025 Sudan ta kai wani kaso na irin da aka ceto zuwa rumbun duniya na Svalbard da ke ƙasar Norway. Siriya ta riga ta nuna amfanin hakan: a 2015 cibiyar ICARDA, wadda yaƙi ya raba da rumbunta na Halab, ta karɓo kwafin irinta daga Svalbard ta sake farfaɗo da shi a Lebanon da Maroko. Ajiya dai maganin wata rana.

Rabawa, amma da wa?

Duniyar bincike ta daɗe tana matsawa zuwa ga buɗe bayanai. Tun 2014 mujallun PLOS suka wajabta wa marubuta su samar da bayanan da suka gina sakamakonsu a kai, domin wani ya iya sake lissafin ya gano kuskure. A 2016 aka fitar da ƙa'idojin FAIR, waɗanda ke neman bayanai su kasance masu sauƙin nemowa, da samu, da haɗawa da wasu, da sake amfani da su. Abin da ya faru a Khartum da Wad Madani ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi.

To amma waɗannan ƙa'idoji masani da masani suka haɗa. Ba su ce komai ba game da tsohuwar da aka ɗebi jininta a ƙauye. Saboda haka a 2017 al'ummar San ta Afirka ta Kudu ta fitar da nata dokokin bincike, inda ta buƙaci a nemi izininta, a faɗa mata gaskiya, a kuma dawo mata da amfanin binciken. A 2019 kuma wata gamayyar 'yan asalin ƙasashe ta fitar da ƙa'idojin CARE, masu jaddada cewa al'umma na da ikon faɗa a ji a kan bayananta.

Ga marasa rinjaye irin Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu, duka biyun ake buƙata. Bayanan da aka kulle a ɗaki ɗaya, rana ɗaya wuta za ta cinye su. Waɗanda aka baza da sunan ƙauye da ƙabila a lokacin yaƙi kuma suna iya nuna wa maƙiyi hanya. Mafita ita ce a ajiye kwafi a wurare da dama, a cire duk abin da zai fallasa mutum ko ƙaramin ƙauye, sannan a tuntuɓi masu bayanan kafin a saki abin da ya shafi asali.

Abin da ke hannunmu

Ba sai mun jira jami'o'i ba. Duk ranar da masu bincike suka sauka a ƙofar mai gari ko limami, a Mai Wurno ne, ko Zongon Kumasi, ko unguwar Briketeri a Yawunde, akwai tambayoyin da ya kamata a yi kafin a miƙa hannu. Me za a yi da jinin? A wace ƙasa za a ajiye shi, kuma har yaushe? Wa zai iya ganin bayanan? Yaushe za a dawo a faɗa mana sakamakon da Hausa ko Larabci? Mai bincike na gari ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, domin kwamitocin ɗa'ar bincike ma su suke yi masa.

Mu malamai da 'yan jarida kuma namu aikin shi ne, kafin mu tura wani adadi gaba, mu nemi sanin mutum nawa aka gwada, a ina, a wace shekara. Da na zauna da ɗalibin nawa muka buɗe jadawalin 2008, ya ga lamba 32 da idonsa, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ajinsu ma ya fi haka yawa. Ya koma zauren da saƙon ya fito ya rubuta musu hakan.