Injin niƙan Potsdam da tashar jirgin Ƙauran Namoda

A 1945 wutar yaƙi ta cinye tsohon injin niƙa mai aiki da iska na Sanssouci, a birnin Potsdam na Jamus. An sake gina shi, aka kammala a 1993. Yau gidan tarihi ne, kuma har yanzu yana niƙa hatsi.

Irin wannan gado a arewacin Zamfara shi ne tashar Ƙauran Namoda, inda layin dogo daga Zariya ya tuƙe a 1929, ake lodin gyaɗa da auduga. Jirgi ya daina zuwa. Ba mai zuwa kallon tarihi muddin 'yan bindiga na tare hanyoyin Shinkafi da Zurmi, amma wannan ba hujjar sakaci ba ce: ƙidaya ƙarafan da suka rage da tsare su daga ɓarayi nauyi ne a wuyan Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya tun yanzu.