Wasiƙa ga Masu Haɗa Kwamfuta a Yankin Madarunfa



Da ku nake, ku da ake kira daga Maradi zuwa Sarkin Yamma da garuruwan kewaye idan kwamfutar ofis ko ta makaranta ta cika. Ku daina sayo faifan waje kuna soka shi ta USB a bayan babbar kwamfutar ajiya, kuna barin sa yana reto dare da rana. Aikin na da saurin gamawa, na sani, mai ofis ma yana murna da araha. To amma takardun haihuwa da sakamakon ɗalibai ne kuka rataya a siririyar waya.

Ramin USB 2.0 ba ya ba da wuta fiye da 500 mA, na 3.0 kuwa 900. Ƙaramin faifai mai juyawa kan nemi kusan amfa guda lokacin tashi, shi ya sa za ku ji yana ƙas-ƙas-ƙas, ya tashi ya koma. Bakin nan mai faɗi na Micro-B kuma da ya sha sokawa da zarewa sai ya yi sako-sako, ƙurar hunturu ta cika shi. Mai shara ya gogi tebur da tsintsiya, faifai ya ɓace ana tsakiyar rubutu, washegari kwamfuta ta ce a goge shi kafin ya buɗe. Wasu akwatunan faifan waje ma ɓoye rahoton SMART suke yi, ba ka sanin faifai na ciwo sai ya mutu. Mai haɗa RAID da irin waɗannan kuwa gini yake kan yashi: da ɗaya ya ƙifta, tsarin ya fitar da shi a matsayin matacce.

Ga kuma wuta. Layin da ke ciyar da Maradi daga Katsina yake zuwa ta Gazawa, kuma ba mu manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse shi har zuwa Maris na 2024. Faifan da ke da nasa abin sokawa a bango shi ne ke fara faɗuwa, domin galibi kwamfutar kaɗai ake ɗora wa UPS.

Ku buɗe akwatin kwamfutar, ku ɗaure faifai da kusoshinsa, ku haɗa shi da wayar SATA mai ƙugiya, kusa da fanka saboda zafin bazara da ke haura digiri 40. Faifan USB na kwafi ne kawai: a soka, a kwafa, a cire shi ta ƙa'ida, a ajiye a wani ɗakin. Lokaci-lokaci ku buɗe kwafin ku tabbata yana karantuwa.

Idan mai ofis ya ce kuɗin ya yi yawa, don Allah ku faɗa masa haɗarin ƙarara kafin ku ɗauki sukundireba.

Wassalam.