RA'AYINMU: Ba Kowane Harsashi Ne Na Kowace Bindiga Ba

Duk ɗan Adamawa da ke neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ya san tashar mota ta Jambutu da ke Jimeta, domin nan ne da yawa kan sauka in sun koma ganin gida. Ya kuma san abin da wannan yanki ya gani. A watan Oktoba na 2015 bom ya tashi a masallacin Juma'a na Jambutu, aka yi hasarar rayuka masu yawa. Kafin nan, a 2014, Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, sai da mafarauta da 'yan banga suka taya soja aka ƙwato ta. Dattawa kuwa ba su manta da tarzomar Maitatsine ta 1984 a Jimeta ba. Saboda haka ba mu ga laifin wanda ke son a tsare unguwarsu ba, ba mu kuma ga laifin 'yan'uwanmu na nan Kurmi in sun tara gudummawa sun aika wa 'yan sintiri na gida ba.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne irin makamin da kuɗin nan ke iya saye. Kakanninmu sun san bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Yau kuwa an shiga yayin bindigar haɗe-haɗe: maƙeri ya samo bututun famfo ko na sitiyarin mota, ya haɗa da guntun tsohuwar bindiga, ya fitar da libarba ko doguwa, sa'an nan ya ce wa mai saye tana cin harsashin Turawa. 'Yan sanda sun sha nuna irinsu a jihohi da dama. Mai saye ya gwada, ya ga harsashi ya shiga daidai, sai hankalinsa ya kwanta. To, a nan ne kuskuren yake, gama kama da wane ba ta wane.

Albarushin gargajiya ƙarfinsa kaɗan ne in an gwada shi da garin da ke cikin harsashin zamani. Su kansu harsasan zamani ba ɗaya suke ba. Na farauta mai lamba 12 yana matsa cikin bindiga da nauyin laba wajen 11,500 a kan kowane inci murabba'i, amma na bindigar soja ta AK-47 yana kai wajen laba 45,000, wato kusan ninki huɗu. Bututun famfo an yi shi ne don ruwa, galibi ma da ɗinkin walda a tsawonsa. Yana iya jure harbi na farko da na goma, ƙarfen na ta gajiya ba a sani ba, ran da zai fashe kuwa ba ya sallama. Abin da ke kusa da shi a lokacin shi ne yatsun mai harbi da idanunsa, da kuma abokin sintirinsa.

Libarba ta fi kowace haɗari. Gangar nan tata mai ramuka dole kowane rami ya tsaya daidai da bakin bindiga kafin a ja kunama. In ya kauce ko da kaurin farce, dalma kan fantsama gefe, ko gangar ta tsage. Masu ƙera ta a Amurka sun san haka. A 1935, da kamfanin Smith & Wesson ya fito da libarba mai cin harsashin .357, wanda kaurinsa ɗaya ne da na .38 amma ƙarfinsa ya ninka, da gangan aka ƙara wa kwansonsa tsawon wajen milimita 3 don kada ya shiga tsohuwar bindiga. Maƙerin da ya zurfafa rami don ya gamsar da mai saye, wannan shingen ya rushe. A Ingila akwai gidan gwajin bindigogi a Landan tun 1637, da wani a Birmingham tun 1813, inda ake harba sabuwar bindiga da abin da ya fi ƙa'ida ƙarfi, in ta jure a buga mata hatimi. Bindigar maƙeri fa, wa ya gwada ta? Mai ita ne zakaran gwajin dafi.

Kada kowa ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma wanda ya sa hannu a ramin maciji da saninsa ba zai kira abin da ya same shi tsautsayi ba.

Ga kuma doka. Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin jerin makaman da aka haramta, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta lasinta na hannun Sufeto-Janar na 'Yan Sanda, bindigar toka kuwa tana ƙarƙashin ikon Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ba a riƙe harsashi sai da lasin bindigarsa, mai ƙera bindiga ba izini kuma yana fuskantar ɗaurin shekara 10. Ban da wannan, mazauna Kudu ba su manta da Uromi ba, inda a watan Maris na 2025 aka yi wa mafarauta 16 kisan gilla a hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu. Wannan ta'asa ba ta da hujja ko kaɗan, kuma har gobe muna la'antarta. Amma ta nuna mana cewa bindiga a cikin kayan matafiyi tana iya jawo masa bala'i tun bai taɓa kunamarta ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na Agege, da Sabo, da Shagamu, da sauran wurare, su ja kunnen jama'a. Kada wanda ya karɓi saƙon harsashi zuwa gida, ko da mahaifinsa ne ya aiko. Masu aikin gadi kada su yarda maigida ya miƙa musu bindigar da ba su san asalinta ba. In za a taimaki 'yan sintiri, a saya musu tocila, da takalma, da rigar ruwa, da man babur, a kuma tura kuɗin ta hannun mai unguwa.

Muna kuma kira ga Gwamnatin Jihar Adamawa da Gwamnatin Tarayya da kada su tsaya ga kame kawai. Mutanen da aka nemi taimakonsu a 2014 ba su cancanci a bar su da makamin da zai cinye su ba. A yi rajistar mafarauta, a duba bindigoginsu, a karɓe na haɗe-haɗe ba tare da wulaƙanci ba. Cibiyar hana yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021 ta sauko har unguwanni irin su Jambutu. Maƙeranmu kuwa masu basira ne. A koya musu aiki, a ba su kwangilar garma da kayan noma, waɗanda suka yi fice a buɗe musu ƙofar masana'antar makamai ta ƙasa da ke Kaduna tun 1964.

Mun fito Kurmi ne don mu rufa wa iyalanmu asiri. Kada gumin da muka zubar ya koma gida ya zama sanadin makantar ƙane ko maraicin ɗa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.