Jatan landen ƙarya a Misfala

Nan Misfala kowa ya sani ba mu da kogi. Kifin da muke ci daga Jidda yake zuwa cikin ƙanƙara. Amma a gidan da nake zama akwai wani dattijo Basarke, mutumin Argungu, wanda rabonsa da riƙe homa tun ba a haife ni ba.

Ranar Juma'a na tarar jikansa yana nuna masa bidiyo a waya. Wani Ba'amurke ne yake ɗaure gashin zomo da gashin tsuntsu a jikin ƙugiya, har abin ya fito sak jatan lande mai ƙahonni biyu. Ba tana, ba nama. Da shi ake yaudarar kifaye masu cin 'yan'uwansu, irin giwan ruwanmu.

Baba ya tsuke fuska. "Hajiya, wannan ai ha'inci ne. Mu in za mu kama kifi da fatsa, sai mun ba shi abincinsa na ƙarshe."

Na ce, "Baba, to mamari fa? Ai shi ko tana ba a sa masa." Ya yi dariya, ya karɓi wayar.

Daga nan hirar ta fi ƙarfina. Shi ya fara lura cewa an juya abin, wutsiya tana wajen zare, ƙahonnin suna baya. Ya ce maƙerin ya san ruwa, domin wannan halitta in ta tsorata da baya take gudu, tana fizgar wutsiya. An kuma ɗaura 'yar dalma don ya nutse ƙasa, bakin ƙugiyar na kallon sama kada ya sarƙe a dutse. Mai su sai ya riƙa jan zaren kaɗan, ya tsaya, ya sake ja. A ganin Baba, wannan tsayawar ce ke kama kifin, kamannin kuwa na burge mai saye ne. Ina jin gaskiyarsa, ko da yake iyakar sanina da jatan lande shi ne busasshen da alhazai ke kawo mana tsaraba, wanda ma ƙaramin na bakin teku ne.

Abin da ya dame ni daban ne. Yaron a Makka aka haife shi, da Larabci yake tambaya, kuma bai san fatsa ba, bai san homa da gora ba, bai taɓa jin sunan Matan Fada ba. Bikin da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 2016, ga mai ba da labarinsa a ɗaki ɗaya da shi, amma sai da Ba'amurke ya ɗaure gashin zomo kafin a tambaye shi.

Yanzu dai Baba ya aike ni in nemo ƙugiya da zare. Gashin zomon ne ban san inda zan samo ba.