Wasiƙa a buɗe zuwa ga masu ƙera valiha da makaɗanta a Madagaska

Wannan wasiƙa kira ce ga masu wannan sana'a da su dubi tsohuwar ƙirar valiha tun masu iya ta suna raye. Valiha dai doguwar gora ce da ake jera wa tsirkiyoyi kewaye da jikinta, a riƙa kaɗa su da yatsun hannu biyu, kuma tana cikin abubuwan da kakannin Malagasi suka ƙetaro teku da su daga tsibiran Indunusiya fiye da shekara 1000 da suka wuce, shi ya sa har yau ake samun irinta a Borneo, inda harshen Malagasi yake da danginsa mafi kusa.

A ƙirar farko ba a ɗaura wa gorar komai daga waje. Mai sana'a yakan sa bakin wuƙa ya ɗago siririn zare daga fatar gorar kanta, ya bar bakunansa biyu a manne, ya naɗe su don kada tsagar ta zarce, sannan ya cusa guntayen busasshen duma a ƙarƙashi su zama jaki, wanda matsar da shi gaba ko baya ke ɗaga muryar tsirkiya ko ya sauke ta. Muryar da ke fita tattausa ce, ba ta wuce ɗaki, ga ta da saurin mutuwa a kunne. Daga baya waya ta maye gurbin zaren, sau da yawa wayar birkin keke da aka warware silli-silli.

Babu laifi a kan waya, domin ta fi ƙarfin amo da jure wahala, kuma da ita makaɗa irin su Justin Vali da Rajery suka kai valiha manyan dandamalin duniya. Abin takaici shi ne a yaye almajiri bai taɓa ɗago tsirkiya ɗaya daga jikin gora ba, alhali nan ne ake sanin gorar da ta ƙosa da wadda za ta tsage. Ya kamata kowane maigida ya sa yaronsa ya ƙera irin ta da, ko da guda ɗaya ce, kafin ya miƙa masa waya, ya kuma koya masa saita jaki da kunne kafin ya saba da na'urar saita murya. Haka nan ya dace masu sana'ar su haɗa kai wajen dasa gora mai tazarar gaɓa, wadda valiha ke bukata, tun da dazuzzukan tsibirin sai raguwa suke yi.